Rabi Ta Koma Ne, Ko Mai Da Ita Aka Yi?



Duk wadda ta taɓa karanta littafin nan Alhaki Kuykuyo Ne, ko aka karanta mata tana tankaɗe tana saurare, na san akwai wurin da ta ja tsaki. Wurin nan ne na ƙarshe, inda Rabi, bayan duk wulaƙancin da ta sha, bayan an watso ta waje da 'ya'ya tara, ta sake zama matar Alhaji Abdu. Har gobe akwai matan da ba su yafe wa Hajiya Balaraba Ramat Yakubu wannan ƙarshe ba. Wasu suna cewa ta ba da mata, wasu suna cewa tsoron bakin maza ta ji. Ni kam ina ganin akwai abin da za a kama ta da shi a littafin, amma ba a nan yake ba. Sai dai kafin mu shiga shari'ar, ya kamata mu san wace ce mai alƙalamin, domin ita da littattafanta ba su rabuwa.

An haifi Hajiya Balaraba a birnin Kano a shekarar 1959. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar nan da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976. Da jin haka wata za ta ce, to ai 'yar gata ce, me ta sani game da wahala? 'Yar uwa, gidan da ya fitar da Janar, shi ne dai ya cire 'yarsa mace daga firamare, ya yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba, ga mutumin da ya isa haihuwarta. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. Ta dawo gida bazawara a shekarun da sa'o'inta suke gaɗa a dandali. Karatun da ta samu daga baya ma da dabara ta same shi. An ce wa mahaifinta ɗinki da saƙa take zuwa koyo, alhali ajin yaƙi da jahilci take shiga, mahaifiyarta tana rufa mata asiri. Ita da kanta ta faɗa cewa yanke mata karatun nan ne ya sa take rubutu da Hausa, ba da Turanci ba. Kin ga ke nan abin da aka yi don a rufe mata baki shi ya miƙo mana ita, domin da ta yi zurfi a boko tun farko, ƙila da Turanci za ta yi ta zubawa, 'yan jami'a su karanta, mu nan ko labari ba mu ji ba.

Ta zo kuma a kan gaɓa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya ta Jihar Kano, mata da yawa suka koyi haɗa baƙi a ajujuwan yamma. To wadda ta iya karatu, me za ta karanta? Ga Magana Jari Ce, ga Ruwan Bagaja, littattafai ne masu daɗi babu musu, amma labarin sarakuna ne da waziri da aku da yawon duniya. Babu kishiya a ciki irin wadda take ɗaki ɗaya da naki, babu kuɗin cefane. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980, sannan matasa a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ana kai wa kasuwa, masu haya suna bayarwa a karanta a dawo da shi. Ta haka suke bin motar Wudil su iso Gaya, su shigo mana Ajingi a cikin kayan lefe ko jakar 'yar makarantar kwana, littafi ɗaya ya zaga unguwa sai bangonsa ya fita. A cikin wannan zamani Hajiya Balaraba ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, labarin wani Alhaji mai auri-saki wanda jikinsa ya tsufa zuciyarsa ta ƙi tsufa. Ta kuma shiga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, mace a tsakiyar maza.

Ana kiran littattafan wancan lokaci littattafan soyayya, aka haɗa da nata aka yi musu kuɗin goro. Wannan suna bai dace da ita ba. Ki duba da kyau, a littattafanta ba a daɗewa a wurin zance. Ba ta ɓata takarda wajen wasiƙar saurayi da kalaman zuma. Inda wasu suke rufe littafi, wato ranar da aka kai amarya, ita a nan take buɗe nata. Tambayar da take yi kullum guda ce: ranar da namiji ya juya baya, me mace take riƙe da shi a hannunta?

Wa Zai Auri Jahila? na 1990 shi ne wanda ya fi kusa da rayuwarta, kuma shi ne ya fi kusa da mu mutanen karkara. Abu yarinya ce 'yar ƙauye mai shekara 13, mai ƙoƙari a aji. Mahaifinta Malam Garba ya cire ta daga makaranta. Ɗan uwanta Amadu, wanda aka yi musu alkawari, da ya sha ruwan birni sai ya ce shi ba zai auri jahila ba. Don a wanke kunya sai aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijo mai mata a gida. Abin da ya faru a daren farko Hajiya Balaraba ba ta lulluɓe shi ba, kuma wannan na cikin abin da ya jawo mata zagi. Abu ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Abin da ya burge ni a nan shi ne tarkon da ta nuna. Maza ne suka hana Abu karatu, kuma namiji ne ya ƙi ta saboda ba ta da karatu. An karya mata ƙafa, an dawo ana yi mata dariyar ɗingishi. Wace ce a cikinmu ba ta san irin wannan ba? Yarinya ta gama aji shida, a ce ya isa haka, mace ba ta da wurin zuwa sai ɗakin miji. Bayan shekara goma mijin nan da kansa ya je ya auro mai takardar NCE, ya riƙa shiga da ita taro, ke kuma ki zama ta tuwo da wanki. Idan haihuwa ta zo da gardama kuma, duk gidan a tashi ana neman likita mace ko unguwarzoma mai ilmi, a manta cewa wadda za ta zama hakan ita ce aka cire daga aji shida. Hajiya Balaraba ba ta taɓa addini ba a wannan littafi, da addinin ma take kare Abu. Neman ilmi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji, kuma ƙasar da ta haifi Nana Asma'u 'yar Shehu da 'yan tarunta ba ta da bakin cewa karatun mace baƙon abu ne.

Yanzu mu dawo kan Rabi, domin a nan ne maganar take da nauyi.

Alhaki Kuykuyo Ne shi ma a 1990 ya fito. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, ba talaka ba ne, amma abin da yake ajiyewa na cefane ba ya kai gidan ko'ina. Rabi ce take cikawa, ita ce take ɗinke ɓarakar 'ya'ya tara. Shi kuwa kuɗinsa suna wurin Delu, macen bariki, wadda daga baya ya auro ya kawo gidan. Da rikici ya tashi tsakanin uwargida da amarya, bai tsaya bin ba'asi ba, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta gaba ɗaya.

Tsaya ki lura da yadda aka rubuta wannan, 'yar uwa. Wata marubuciyar da sai ta cika shafi goma da kuka da tagumi da ciwon zuciya. Hajiya Balaraba lissafi ta yi. Ina za a kwana? Wa zai biya haya? Me za a ci gobe? Kuɗin makaranta fa? Rabi ta ɗora tukunya ta shiga sayar da abinci, da wannan tukunyar ta riƙe gida. A ganina babu wani wuri a littafin da ya kai wannan ƙarfi, domin a nan ne marubuciyar ta faɗi abin da kowa ya sani amma ba a rubutawa: gidaje da yawa da ake kira gidan Malam wane ko gidan Alhaji wane, ƙosai da ƙuli-ƙuli da dambu da adashin uwargida ne suke riƙe da su. Mu nan da muke surfe da sussuka da matsar man gyaɗa, muke kiwon 'yar akuya don ranar buƙata, ba sai an fassara mana Rabi ba.

Kuma ki duba yawan haƙƙin da Alhaji Abdu ya take a dare ɗaya. Shari'a ta ce wadda aka saka saki na kome ta yi iddarta a gidan mijinta, ba a fitar da ita. Ci da sha da tufafin 'ya'ya suna wuyan uba ko da aure ya mutu. Ƙarin aure kuma sharaɗinsa adalci. Ko ɗaya bai cika ba, kuma bai daina amsa sunan Alhaji ba. Marubuciyar ba ta hau mumbari ba, ta dai ajiye mutumin a gabanmu muna kallo.

To ga inda nake da ƙorafi. Bayan ta nuna mana Rabi tana tsaye da ƙafarta, sai ta kawo mata ɗauki ta hanyoyi biyu da ba su cika zuwa a rayuwa ba. Na farko, 'yarta Saudatu, mai kunya da tarbiyya, ta haɗu da Alhaji Abubakar, attajiri, ya aure ta, arziki ya shigo gidan. Na biyu, gobara ta tashi a kasuwa ta cinye shagon Alhaji Abdu, motarsa ta salwanta, Delu kuma ta nuna masa halinta, ya wayi gari ba shi da ko anini. Na san sunan littafin ke nan, alhaki ya bi ubangidansa. Na san kuma daɗin da muke ji idan muka zo wurin, har da cewa Allah ya ƙara. Amma a gaskiya, zawarawa nawa ne a Gaya da Ajingi surukinsu ya zama attajiri? Mazaje nawa ne suka kori iyalinsu kasuwarsu ta ƙone? Da yawansu sai ma ƙiba suke yi, su ƙara aure bayan girbi. Idan yarinya ta karanta ta ɗauka cewa maganin mugun miji shi ne a jira gobara, ko a yi addu'ar Allah ya kawo mai mota ya ga 'yarki a hanya, to littafin ya ba ta abin da ba za ta iya kashewa a kasuwa ba. Haka kuma akwai abin dubawa a ce an tsere wa wani Alhaji ta hanyar faɗawa hannun wani Alhajin. Saudatu ta dace da na kirki, amma ba dabararta ba ce, sa'a ce, kuma sa'ar da uwarta ba ta samu ba.

Delu ma an yi mata rowar tawada. Muguwa ce tun daga shigowarta har fitarta, ba a taɓa gaya mana abin da ya kai ta bariki ba. Mai karatun da ta san Wa Zai Auri Jahila? dole ta tambayi kanta: da Abu ta sauka a tashar mota a Kano ba ta sami gidan gwaggonta ba, ina za ta kwana? Ƙila Delu wata Abu ce da ba ta da gwaggo. Marubuciyar da ta san wannan hanya sarai ta wuce ta ba ta leƙa ba.

Akwai wata marubuciya a ƙasar Sanagal, Mariama Ba, da ta fitar da littafi da Faransanci a 1979, sunansa yana nufin doguwar wasiƙa. Ita ma labarin uwargida ne, Musulma, mai 'ya'ya goma sha biyu, wadda mijinta ya auri ƙawar 'yarsu ya yi watsi da ita. Tana cikin takabarsa take rubuta wa aminiyarta abin da ya wuce. Littafin ya ci babbar kyauta a 1980, ana karanta shi a makarantun Afirka da dama. A can babu gobara, babu suruki attajiri, kuma da wan miji da wani tsohon masoyi suka zo neman aurenta, ta ce a'a, maganar ta zauna. Me ya ba ta wannan bakin? Malamar makaranta ce, tana da albashi. Rabi ba ta da takarda, tukunya gare ta. Wannan bambanci shi zai kai mu ga ƙarshen da ake ta faɗa a kai.

Da Alhaji Abdu ya tsiyace ya dawo yana neman sulhu, Rabi ba da gudu ta tarbe shi ba. Ba ta so. Maza ne suka taru a kanta, na danginta da surukin nan da ya yi mata rana, aka yi ta ba ta baki: uban 'ya'yanki ne, ki dubi Allah, ki dubi yaran nan, me duniya za ta ce. Ta koma, kuma ita ce mai ciyarwa. Masu cewa Hajiya Balaraba ta ba da mata suna so ne a ce Rabi ta rufe ƙofa ta bar shi a titi. Da an yi haka da mun yi barci da daɗi, amma da an yi mana ƙarya. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, a garin nan, mace mai 'ya'ya tara, yayanta ya zo, surukin da yake ɗauke da nauyin gidan ya sa baki, dattawa sun yi sallama a zaure, ta isa ta ce a'a? Ranar da aka kore ta ba wanda ya iya hanawa. Ranar da za a mai da ita kowa ya sami baki. Ba a tambaye ta ba a fita, ba a saurare ta ba a komawa. Wannan shi ne abin da ƙarshen littafin yake nunawa, kuma tsakin da muke ja, ina kyautata zaton marubuciyar ta san za mu ja shi. Wadda aka yi wa aure tana shekara 13 ba sai an koya mata yadda taron maza yake yanke wa mace hukunci ba.

Har ila yau ki lura, dukiyar surukin da muka yi wa guɗa a tsakiyar littafi ita ce ta zama igiya a ƙarshensa. Wanda ya ba ka shi ke da bakin gaya maka. Da tukunyar Rabi ce kaɗai ta fitar da ita, da muryarta ta fi haka ƙarfi a ranar sulhu. Ban sani ba ko da gangan aka ƙulla hakan, amma yana nan a rubuce, kuma ya rage mini kaifin ƙorafina na baya, ko da yake bai goge shi ba.

Ba a bar ta ta sha ruwa ba a kan waɗannan littattafai. A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu, Malam Ibrahim Malumfashi yana kiran irin wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba zai yi ƙarko ba, Malam Abdalla Uba Adamu kuma yana kare shi. Malamai a unguwanni suna cewa littattafan suna lalata tarbiyyar 'yan mata. Da ta fitar da Wane Kare Ne Ba Bare Ba? a 1995, inda ta taɓo maganar manyan da suke lalata ƙananan yara, surutun ya ƙaru. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, har ƙona littattafan Hausa aka yi a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Ba na cewa duk abin da aka buga a kasuwa mai kyau ne, akwai shirme da yawa, akwai na batsa, balle yanzu da kowa yake rubutawa a waya ya watsa a WhatsApp ba mai dubawa. Amma wanda ya karanta labarin Alhaji Abdu ya ce marubuciyar ce mai ɓata tarbiyya, to ya bar jaki yana dukan taiki.

Rubutun nata kansa ba shi da ado. Hausar Kano ce ta tsakar gida, da habaici da gatse da baƙar magana irin ta kishiyoyi, kuma a nan ta fi gwaninta: idan mata biyu suna cacar baki a shafinta, sai ki rantse ta katanga kike jiyo su. Inda take rauni shi ne gaggawa. Wani lokaci shekaru suna wucewa a layi biyu, wani lokaci kuma a tsaya ana lissafin kayan lefe da na ɗaki har ki ƙosa, ko da yake na san wasunmu wurin suka fi so.

An mai da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998. Ita ma ta shiga harkar fim da kanta, kuma a 2017 ta fito da Juyin Sarauta, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni. A 2012 wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft a birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga fassarar labarin Rabi da Turanci, wadda Malam Aliyu Kamal ya yi, da sunan Sin Is a Puppy That Follows You Home. Shi ne littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta rubuta da Hausa aka juya shi zuwa Turanci. Mu da muka tashi muna kallon finafinan Indiya, sai ga Indiyawa suna karanta rikicin Rabi da Delu. Kwafin Hausar da yake yawo a unguwarmu kuwa shafukansa uku na ƙarshe sun yage tun tuni, don haka akwai 'yan matan da suka karanta shi suna zaton a gobara labarin ya tsaya. Idan irin wannan kwafin ne ya zo hannunki, ki nemi wata babba da ta karanta cikakke ta ba ki ragowar.